SUNAN DA ZA A RUBUTA A KAN SHINKAFA
Shafi na 23

Ku masu cika mini waya da saƙo tun safe, wai na bar amarya a bakin ƙofa da ƙafa ɗaya a sama, to ku gyara zama. Wadda ta ce za ta daina karantawa in Ninad ya ba ta kunya kuwa, ni dai ban ce komai ba.

*

Ketaki ta ture mudun shinkafar da ke bakin ƙofa da ƙafar dama. Shinkafa ta watsu a falo, mata suka ɗauki tafi da shewa. Ta shiga gidan Karmarkar, dangin mijinta, ke nan.

Saura abu ɗaya a tashi daga biki. Za a baza shinkafa a tire, ango ya cire zobensa ya rubuta sunan da za a riƙa kiran amarya da shi a gidan. Samarin yanzu da yawa sunan yarinya na ainihi suke rubutawa a wuce wurin.

Abin da angonta Ninad ya yi mata alkawari ke nan.

Iyayensu ne suka haɗa su, ita kuma ba ta yi gardama ba. Shekararta talatin da ɗaya, likitar dabbobi ce a garin Karad, ta ga maza goma sha ɗaya kafin shi. Shi kaɗai ne ya tambaye ta yadda ake karɓar haihuwar ɓauna, kuma ya saurari amsar har ƙarshe bai yatsine fuska ba. A haɗuwarsu ta uku ta ce masa za ta bar garinsu, za ta nemi canjin wurin aiki zuwa Kolhapur, za ta ɗauki sunan gidansu. Sunanta Ketaki kaɗai za a bar mata.

Ya ce, "Wannan ma har sai kin roƙa?"

Aka hau da ita ɗakin sama ta ɗan huta kafin Guruji, malamin da ke jagorantar bikin, ya gama shirya kayan addu'a. Mawshi Kusum, ƙanwar mahaifiyarta da ta zo rakiya, ta faɗa kan gado tana matsa ƙafafu.

"Wayyo gwiwata. Ke Ketu, in za ki sake aure ki nemi gidan da ba bene."

"Mawshi! Yau fa aka ɗaura."

"To na ce gobe za ki sake?"

Mawshi Kusum ba ta iya ganin akwati a rufe ta ƙyale shi. Minti biyu ba a yi ba ta janyo wani na ƙarfe daga gefen gado, wanda aka ɗaura wa jan zare alamar na amarya ne. Ta buɗe. Farantai, kofuna, tulun ruwa, kwanon abinci mai hawa huɗu, duk sai ƙyalli suke.

"Uwar mijinki ta san kaya. Dubi kauri. Wannan ko jikokinki..."



Ta ɗaga kofi ɗaya kusa da ido, ta sauke tabarau, ta sake ɗagawa.

"Ketu."

"Na'am?"

"Wace ce Sharayu?"

Ketaki ta karɓi kofin. A gefensa, da ƙananan ɗigo-ɗigon da masu shagon kwanuka ke sassaƙawa, an rubuta: Sharayu Ninad Karmarkar.

Ta ɗauki faranti. Haka.

Tulun ruwa. Haka.

A ƙarƙashin sunan akwai kwanan wata. Ta lissafa da yatsu duk da ba ta buƙatar yatsun. Shekara shida da wata biyu.

Mawshi ta dafe ƙirji. "Taɓɗijam! Ya taɓa aure! Ai na faɗa wa uwarki. Namiji ɗan shekara talatin da huɗu, ga aiki, ga gashi cike da kai, a ce yana zaune haka kawai? Na faɗa mata, ta ce bakina ya yi yawa!"

"Kira mini shi."

"Gidan cike da baƙi..."

"Mawshi, kira mini shi."

*

Ninad ya shigo yana murmushi, rawanin ango ya karkace masa gefe guda. Idonsa na sauka kan akwatin murmushin ya ɗauke.

Nan Ketaki ta gane ya san abin da ke ciki. Da ma ya yi mamaki, da sauƙi.

Ta miƙa masa kofin. "Wace ce?"

"Ba kowa ba ce."

"Ba kowa ba, take da faranti goma sha biyu?"

"Na rantse miki, Ketaki, babu wata mace. Ban taɓa aure ba, ban taɓa baiko ba. Suna ne kawai."

"Sunan wa?"



"Sunan da Aai, mahaifiyata, ta zaɓa wa matata."

Mawshi ta saki ajiyar zuciya, har ta fara cewa to ai da sauƙi. Kallon da Ketaki ta yi mata ya sa ta ja bakinta ta rufe.

"Matarka," in ji Ketaki a hankali. "Shekara shida da suka wuce ina ina?"

"Ketaki..."

"Ina Karad, hannuna cikin saniya har kafaɗa. Ban san ka ba, ba ka san ni ba. Wato kun tanadi suna, kun tanadi kwano, sannan kuka fita neman wadda za ku zuba a ciki. Da 'yar garin Sangli da ka gani kafin ni ta ce ta yarda, da yau ita ce Sharayu. Ko ƙarya na yi?"

Ya kawar da kai gefe.

"Ka yi mini alkawari."

"Na yi."

"Mahaifiyarka fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ita ma na yi mata. Tun kafin naki. Lokacin da yayanta ya rasu ne, ta yi kwanaki ba ta cin abinci. Ta nuna mini kwanukan nan ta ce in yi mata alkawari. A ranar ko me ta ce in yi zan ce to, don dai ta sa wani abu a bakinta."

"Shi ne ka zauna gabana kana shan kofi ka ce har sai na roƙa?"

"Na ɗauka zan shawo kanta kafin yau. Sau uku ina ɗauko maganar tana tashi ta bar mini ɗakin."

"To yau ta zo. Wanne za ka rubuta?"

Ya shiga jujjuya kofin a hannunsa.

"Ninad, tambayarka nake."

"A takarda kina nan Ketaki. A asibiti kina nan Dakta Ketaki. Babu wanda zai taɓa miki wannan. A gida ne kawai..."

"A gida ne kawai?" in ji Ketaki. "A gida zan kwana in tashi. A gida zan yi ciwo, a gida zan tsufa. 'Ya'yana a gida za su ji ana kirana."

Allah sarki. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne ta riga ta fara son sa. Ba ta faɗa wa kowa ba, ko shi, amma tun wata biyu da suka wuce in wayarta ta yi ƙara sunansa take fatan gani.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Vasudha, mahaifiyar Ninad, ta shigo da tiren shayi. Ƙaramar mace ce marar hayaniya, tun safe tana kan ƙafafunta. Ta dubi akwatin a buɗe, ta dubi kofin a hannun ɗanta. Ta ajiye tiren a kan tebur ba tare da ko ɗigo ya zube ba.

"Fita, Ninad."

"Aai, bari in..."

"Ka yi iya yinka. Fita."

Ya fita. Ta juya wajen Mawshi.

"Ni rakiya na zo," in ji Mawshi tana gyara zama. "Ki ɗauka kujera ce ni."

Vasudha ba ta ja da ita ba. Ta zauna a ƙasa kusa da akwatin, ta ɗauki faranti ɗaya ta goge shi da gefen sarinta, duk da babu ƙura a jikinsa.

"Zauna, Sunbai."

Karo na farko ke nan da ta kira ta surukarta. Ketaki ta zauna a bakin gado, amma ba ta sassauta fuska ba.

"Aai, ban zo gidanki don in yi miki rashin kunya ba. Amma an yi mini alkawari."

"Na sani. Ya faɗa mini."

"Kin sani kuma?"

"Na sani."

"To me sunana ya yi miki?"

"Babu. Suna ne mai daɗi." Ta shafa ɗigo-ɗigon da yatsa. "Wannan kuma nawa ne."

Ketaki ba ta gane ba. "Na ji ke kika zaɓa."

"Ba ni na zaɓa ba. Babana ya zaɓa. Ni ce Sharayu."

Mawshi ta buɗe baki ta manta ba ta rufe ba.

"Shekarata goma sha tara aka kawo ni gidan nan daga garin Wai," in ji Vasudha. "A falon da kika watsa shinkafa ɗazu, nan na zauna. Appa, baban Ninad, ya cire zobe ya rubuta Vasudha, saboda gwaggonsa tana son sunan. Kowa ya yi tafi. Ni ma na yi murmushi, don an ce amarya ta yi murmushi.

"Wata uku in an kira Vasudha ba na waiwayawa. Ba da gangan ba, mantawa nake. Uwar mijina ta ce ko dai kurma ce aka kawo mata, ko mai girman kai. Har asibitin kunne aka kai ni."

Ta ɗan yi dariya, dariyar da ba ta kai ido ba.

"Daga baya na saba. Wa bai saba ba? Iyayena suka rasu. Ƙawayena na makaranta kowa aka kai ta wani gari da wani suna, ko neman su za ka yi ba ka san wa za ka tambaya ba. Saura yayana, Dada Vinayak. Duk Lahadi da ƙarfe goma zai bugo waya. Sharu, kin ci abinci? Shi ke nan fa maganar. Wani lokaci ko minti biyu ba ma yi. Amma duk mako ina jiran Lahadi."

Ta ajiye farantin.

"Da ya rasu, aka gama zaman makoki na kwana goma sha uku, Lahadi ta zo. Ƙarfe goma ta yi. Ina zaune kusa da wayar kamar wata sakarya. Sai na gane duk duniya babu sauran mutum ɗaya da zai buɗe baki ya ce Sharayu."

Hawaye suka cika idon Ketaki. Ta yi ƙoƙarin mayar da su saboda kwalli, suka ƙi.

"A makon na je kasuwa sayen cokali ɗaya tak. Mai shagon ya ɗauko injinsa ya ce, wane suna za a sa? Kafin in yi tunani bakina ya faɗa. Da na ji injin yana rubuta shi, sai na ce ya ƙaro faranti. Ya ƙaro kofi. Ban haifi mace ba, Sunbai. Ninad kaɗai gare ni. Sai na ce in ya kawo mata, zan riƙa jin sa sau goma a rana. Sharayu, an yi baƙi. Sharayu, shayinki zai huce. Ba ni za a kira ba, ba zan amsa ba. Zan dai ji."

Mawshi Kusum ta fyace hanci da ƙarfi a gefen sarinta.

"Ni ma a da Pramila ne sunana," ta ce tana shessheƙa. "Amma ni gara da aka canja, ban taɓa son sa ba."

Babu wanda ya yi dariya.

Ketaki ta sauko daga gadon ta zauna a ƙasa, gwiwarta na taɓa ta uwar mijinta.

"Aai. Abin da aka yi miki fa kike so a yi mini."

"Na sani."

"Nan da shekara talatin ni ce zan zauna kusa da waya."

"Na sani, 'yata. Shekara shida ina sane. Ban ce miki ina da gaskiya ba." Ta kama hannun Ketaki, hannun da lallen biki bai ko fara dushewa ba. "Roƙonki nake."

Kai jama'a! Da faɗa matar nan ta zo da shi, da Ketaki ta san yadda za ta yi da ita. Wadda ke tsayawa gaban manomi mai sanda ta ce masa shi ya kashe sansa da sakaci, uwar miji ce za ta ba ta tsoro? Amma ga dattijuwa zaune a ƙasa tana roƙo, ranar farko. Ta rasa ta inda za ta ce a'a, kuma ta san ba za ta iya cewa to ba.

"Ninad ya san naki ne?"

"Bai sani ba. Kar ki faɗa masa, zai ji nauyi."

"Appa fa?"

"Haba. Shi da ya share shi da hannunsa?" Fuskar Vasudha ta ɗan yi haske. "Duk shekara lokacin bikin Diwali ina fito da kwanukan nan in goge a gabansa. Yana gani, bai taɓa cewa uffan ba. Kin san mazan da, ba su iya ba da haƙuri da baki ba. Shirun nan nasa shi ne ban haƙurinsa. Na daɗe da karɓa."

Daga ƙasa muryar Guruji ta taso. "A sauko da amarya! Lokacin albarka yana wucewa, ba jiran kowa yake ba!"

Vasudha ta miƙe, ta gyara wa Ketaki kwallin da ya zubo da babban yatsanta, ta fita.

"Ketu, me za ki yi?" in ji Mawshi.

"Ban sani ba."

"To ki sani a kan matakala, guda goma sha takwas ne. Na ƙirga su da gwiwata."

*

Falon ya cika maƙil. Gwaggonni a gaba, yara a kan hannun kujeru, masu ɗaukar hoto da waya sun miƙa hannuwa sama. Appa, mahaifin Ninad, yana kan kujerarsa ta katako yana ba wani labarin yadda ya yi aikin jirgin ƙasa shekara talatin da biyar bai taɓa makara ba.

Aka zaunar da Ketaki kusa da Ninad. Bai iya kallonta ba.

Guruji ya baza shinkafa a tiren azurfa, ya daidaita samanta, ya yi karatunsa.

"To ango, cire zobe. Ka rubuta da kyau, kar amarya ta ce ba ka yi makaranta ba."

Aka yi dariya.

Ninad ya cire zoben. Ya dubi mahaifiyarsa da ke tsaye jikin ƙofar kicin. Ya dubi matarsa. Hannunsa ya tsaya a saman tiren, gumi na bin gefen rawaninsa.

"Ango ya manta baƙaƙe!" wata gwaggo ta yi ihu.

Hannun ya fara sauka.

Ketaki ta riƙe shi.



Ita kanta ba ta san za ta yi ba sai da ta ji wuyan hannunsa cikin nata. Amma a kan matakala wani tunani ya zo mata, kuma a ganinta shi ne mafita. Matar nan ba suruka mai sunanta take buƙata ba. So take a kira ta. Ga kuma mutumin da ya sani, yana jin kunya shekara da shekaru, turawa kaɗan yake jira.

Ta juya wajen kujerar katako, ta haɗa hannu.

"Appa, ka yafe mini in na yi magana inda bai kamata ba."

Tsohon ya gyara tabarau yana murmushi. "Faɗi, Sunbai. Likita ce ke, an ce ba kya tsoron ƙaho."

"Sunan da aka tanadar mini, Sharayu, suna ne mai kyau. Amma ba zan iya ɗauka ba. Yana da mai shi, kuma tana cikin ɗakin nan. In akwai wanda ya kamata a kira da shi a gidan nan, ita ce. Kai ma ka sani, Appa."

A bakin kicin Vasudha ta damƙe gefen sarinta. Ba ta ce a'a ba. Idonta na kan mijinta.

Appa ya ɗaga gira. Ya dubi jerin gwaggonni ɗaya bayan ɗaya. Ya leƙa bayan kujera inda 'yan mata suke. Sai ya fashe da dariya, dariyar mutumin kirki da bai san komai ba.

"Mai shi kuma? Sunbai, duk danginmu babu wanda ban sani ba, tun daga kakan kakana. Ba mu taɓa yin Sharayu ba."

Ya juya wajen kicin.

"Ke Vasudha, ai ke kika zaɓo sunan. Wace ce take nufi?"

Ketaki ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ita ta jawo wannan, da bakinta, a gaban mutum sittin.



Vasudha ta saki gefen sarinta. Ta tako tsakiyar falon, mata suna janye ƙafafu suna ba ta hanya. Ta durƙusa gaban tiren, ta miƙa wa ɗanta hannu.

"Ba ni zoben."

"Baiwar Allah, ba a yin haka," in ji Guruji. "Miji ne ke..."

"Ninad. Ba ni."

Ya sa mata a tafin hannu.

Ta share saman shinkafar sau ɗaya, ta sunkuya, ta fara rubutu.